Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Sarakunan Hausawan Legas da Masu Makarantunmu: A Fito da Yara Su Taɓa Ƙasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, sarakunan Hausawa na Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende, Alaba Rago da sauran zangunanmu na Ikko. Allah ya gafarta malamanmu na allo da na islamiyya. Ina kuma gaida alhazai da hajiyoyi masu makarantun kuɗi, da hedimastoci, da iyaye 'yan uwana.

Na zaɓi in rubuto muku a fili ne domin maganar ta fi ƙarfin zaure ɗaya. Magana ce a kan yadda 'ya'yanmu ke wuni, tun daga lokacin da aka saɓa musu jaka da safe har zuwa lokacin da barci ya sace su a kan littafin aikin gida. Roƙona guda ne, sauran duk bayani: a sassauta wa yaran nan zaman ɗaki, a fito da su inda akwai ƙasa da tsiro da hasken rana, a kuma bar kowane yaro ya yi tafiya gwargwadon ƙafarsa a karatu.

Kun fi ni sanin yadda ranar yaron Agege take. Ƙarfe bakwai yana hanya. A tashi ƙarfe biyu, a ce akwai lesin har huɗu. Ya dawo ya cire yunifom ya sa na islamiyya, sai magariba. Bayan isha'i ga aikin gida na darasi uku ko huɗu, in ya rage wani kuzari sai wayar uwarsa ta cinye shi. Ɗakin da yake wuni ɗin kuma sau da yawa shago ne aka mayar aji, ko ɗakin haya a saman bene, an raba shi biyu da falanki. Taga ɗaya ce, ita ma tana kallon bangon maƙwabci. In an ɗauke wuta fanka ta tsaya, sai hayaƙin janareton mai walda ya shigo ya zauna tare da su. Yara arba'in ko hamsin a jere kamar kaji a akurki, malama na faɗa suna maimaitawa da ƙarfi, ajin da ke bayan falanki su ma suna tasu maimaitawar, har ba ka gane wa ke amsa wa. In an kaɗa ƙararrawar tara, babu inda za a je sai baranda. Ɗan shekara uku ma, wanda ko ɗaure wando bai iya ba, an ba shi fensir an ce ya cika shafi da lambobi daga ɗaya zuwa ɗari, uwarsa kuma in ta buɗe littafin ta ga ya cika sai ta ce makarantar nan ana karatu.

Ba na ɗora wa masu makarantu laifin tsadar haya. Ƙidayar da aka yi a jihar nan tsakanin 2010 da 2011 ta samu makarantu masu zaman kansu sama da 12,000, fiye da rabin ɗaliban jihar a cikinsu suke, kuma mafi yawansu ba su da amincewar hukuma. Wato ƙananan makarantun nan na cikin lungu su ne suka ɗauki nauyin da gwamnati ta kasa ɗauka ita kaɗai, ladansu yana wurin Allah. Sai dai ba mu manta da Ita Faji ba, ranar 13 ga Maris, 2019, lokacin da bene ya rufta da makaranta a samansa, aka rasa rayuka kusan ashirin, da yawansu yara. Ranar kowa ya yi maganar ingancin gini. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, ko da benen bai faɗi ba, me zaman awa takwas a cikinsa yake yi wa yaro?

Ga kuma sakamakon. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar tare da UNESCO da UNICEF a 2022 ya ƙiyasta cewa kusan yara tara cikin goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi a shekara goma. Ba sai mun je Bankin Duniya ba ma. Duk wanda ya taɓa miƙa wa ɗan aji biyar takardar asibiti ya ce karanta mini, ya ga yadda yaro ke bin haruffa da baki yana zare ido, ya san abin da ake nufi. Tsawon zama bai haifar da karatu ba.

A kan allunan makarantu a Legas, daga Lekki har Agbado, sunan da ya fi yawa shi ne Montessori. An mayar da shi ado, alamar cewa kuɗin makarantar ya ɗara na maƙwabta. Ita kuwa Maria Montessori likita ce 'yar Italiya, kuma makarantarta ta farko da ta buɗe a watan Janairun 1907 tana San Lorenzo ne, unguwar talakawa a birnin Rum, inda iyaye ke fita leburanci su bar ƙananan yara suna gararamba a gidajen haya. Abin da ta yi ba tsada ne da shi ba. Ta sa aka yi kujeru da tebura daidai tsawon yara. Ta haɗa manya da ƙanana a ɗaki ɗaya. Ta ajiye kayan aiki inda hannunsu zai kai, kowa ya ɗauki wanda yake so ya daɗe a kansa ba mai katse shi. Ta ba su shara da wanke-wanke da kula da shuke-shuke, ta yanka haruffa da takarda mai kaushi yaro ya bi da yatsa kafin ya riƙe alƙalami. Malama ta koma gefe tana lura, sai an buƙace ta. Tun kafin ita, a Jamus, Friedrich Froebel da ya kafa makarantar ƙananan yara wajen 1840 yakan yanka wa kowane yaro ɗan fegi ya shuka abin da yake so. A Landan, Margaret McMillan ta buɗe makarantar reno a sarari a unguwar Deptford a 1914, domin 'ya'yan talakawan da zaman ƙuntataccen ɗaki ke sa wa ciwo. Makarantar farko ta tsarin karatun da ake kira Waldorf, a birnin Stuttgart na Jamus, a 1919, ta 'ya'yan ma'aikatan kamfanin taba ce. Makarantun daji da Danmak ta yi suna da su tun shekarun 1950, inda yara ke wuni a waje ko ana sanyi ko ana ruwa, iyaye ne suka faro su.

Na jero waɗannan ne saboda abu ɗaya: mafi yawansu don 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi aka ƙirƙiro su, a unguwanni masu cunkoso irin namu. Daga baya ne masu hali suka gane amfaninsu suka saye. Ba na cewa a kwaso su dungurungum. Wasunsu, musamman Waldorf, suna tafe da aƙidar wanda ya kafa su, wadda ba tamu ba ce, ba kuma muna bukatarta ba. A ɗauki hatsin a bar musu ƙaiƙayin.

Allah ya gafarta malamai, a nan ne nake so ku saurare ni da kyau, domin rabin abin da Turawa ke yabo a waɗancan makarantu yana cikin makarantar allo tun kaka da kakanni. Ku duba yadda take. Babu aji ɗaya, babu aji biyu. Yaro ya fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, ya kama haɗɗatu, kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Wannan yana Tabbat yada, na kusa da shi yana Sabbi, wancan ya kusa sauka, duk a tabarma ɗaya. Ba a wanke allo sai yaro ya biya ya iya, ko kwana biyu ya ɗauka ko mako biyu, kuma ba wanda zai ce masa ya faɗi jarrabawa ya maimaita shekara. Gardi yana biya wa titibiri, titibiri yana duba ƙolo. Kayan karatun ma yaro ne ke haɗa abinsa: ya nemo gawayi ya daka, ya jiƙa ƙaro ya haɗa tawada, ya gane da idonsa in ta yi ruwa ko ta yi kauri, ya samo tsinken gamba ya fere alƙalami, ya tsaga bakinsa daidai yadda zai riƙe tawada ba tare da ya ɗiga ba. In damina ta faɗi a tsangayar ƙauye, a tafi gona. Wannan shi ne karatun da ke bin yaro, ba yaro ke binsa a guje ba.

Ban ce komai na tsangaya abin koyi ne ba. Dorina da bara da kwanan yunwa ba su ƙara wa kowa hadda ba, kuma gwamnatin Legas ma ta hana duka a makarantu. Amma abin takaici shi ne, da muka tashi gyara sai muka zubar da mai kyan muka riƙe marar kyan. Islamiyyunmu na zamani sun kwaikwayi boko a jera benci da yi wa aji guda karatu ɗaya, wanda ya gane da wanda bai gane ba duk a wuce, sannan suka riƙe bulalar.

Masu boko kuwa yanzu suna dawowa kan hanyar allo ta wata ƙofa. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da tsarin da ake gwada kowane yaro shi kaɗai, a ga ko harafi ya sani, ko kalma, ko jimla, sai a haɗa shi da waɗanda suke matakinsa na ɗan lokaci kullum, ba tare da duba shekarunsa ko ajinsa ba. Yara na zama a ƙasa a da'ira, ana lissafi da tsinke da ƙulli, ana rubutu a kan daɓe da alli. An yi aiki da tsarin a Borno, an yi a Kano a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, da harshen Hausa. Kayan aikinsa bai wuce abin da kowace makarantar lungu za ta iya samu ba.

Sai batun fita waje, wanda na san shi ne zai fi jawo gardama. A Arewa, in aka ce yara suna karatu a gindin bishiya, abin kunya ne, hoton da ake ɗauka a nuna gazawar gwamnati. Gaskiya ne, yaron da ke gindin bishiya don rufin ajinsa ya yaye an zalunce shi. Amma wanda ke da aji, malaminsa ya fito da shi da niyya don ya auna inuwar bishiyar da safe ya sake aunawa da azahar, ya tambaye shi me ya sa ta gajarce, wannan gata aka yi masa.

Likitoci ma sun shigo maganar. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an yi gwaji da 'yan aji ɗaya na firamare, aka ƙara wa wasu makarantu minti 40 na zama a waje kowace rana. Bayan shekara uku, kimanin kashi 30 cikin ɗari na waɗannan yaran ne suka kamu da matsalar rashin ganin nesa, a sauran makarantun kuwa kusan kashi 40. An buga sakamakon a 2015. Taiwan tun 2010 ta umarci makarantunta su riƙa fitar da yara awa biyu a rana saboda wannan dalili. Hasken rana ne idon yaro ke bukata yayin da yake girma. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla awa ɗaya ta motsa jiki sosai a kullum. A Finlan, inda ba a shiga firamare sai shekara bakwai, al'adarsu ce bayan darasin minti 45 a saki yara minti 15. Ku gwada wannan da ɗan barandar da yaranmu ke turereniya a kai.

Mu da muke karanta Alƙur'ani ai bai kamata a riga mu ba. A Suratul Gashiya an tambaye mu ko ba ma duban raƙumi yadda aka halicce shi, da sama yadda aka ɗaukaka ta, da duwatsu yadda aka kafa su, da ƙasa yadda aka shimfiɗa ta. Akwai surar ƙudan zuma, akwai ta tururuwa, akwai ta gizo-gizo. Yaranmu suna haddace su tsaf, amma da wuya a samu malamin da ya taɓa tsugunar da su a gaban jerin tururuwa ya ce ku duba inda suke kai abincin nan. Hadisin da ya ce duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi, yana cikin Buhari da Muslim, ana biya wa yara shi a ɗakin da ko tukunyar fure babu.

Akwai wani abin da ya fi damuna, shi kuma namu ne mu Hausawan kurmi. Kakanninmu goro da shanu ne suka kawo su Agege, jirgin ƙasa da ya isa Kano a 1911 ya ƙara buɗe hanya. Mutanen ƙasa ne, sun san itace, sun san dabba, sun san sama in ta haɗa hadari na gaske da na ƙarya. Har gobe mu ke ciyar da garin nan: tumatirin Kadawa, albasar Aliero, dankalin Jos, duk ta hannunmu suke sauka a Mile 12. Amma ɗan dillalin tumatir, wanda zai faɗa maka farashin kwando na yau da na jiya ba tare da ya yi tunani ba, bai taɓa ganin tumatir a jikin uwarsa ba. Yana shan miyar kuka, bai san kuka itace ba ce. Ka ce masa gawo yana zubar da ganye da damina ya yi sabo da rani, sai ya ɗauka tatsuniya kake yi. In an je gida hutun salla, 'yan uwansa na dariya don ya ga jaki ya ruga. Shi ba ɗan dajin Arewa ba, ba kuma a nuna masa na Legas ba, alhali garin nan ruwa da kurmi ne kewaye da shi.

Za a ce ina filin yake? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta na hannunku, ranku ya daɗe. Filin idi sau biyu ake amfani da shi a shekara. Harabar masallacin Juma'a tana zaune babu kowa daga hantsi zuwa azahar. Akwai filayen makarantun gwamnati, da yawansu tun zamanin Gwamna Jakande, waɗanda in sarki ya taka da kansa ya nemi alfarma za a iya ba da aron su da yamma ko ranar Asabar. Akwai lambunan da 'yan uwanmu ke noman latas da albasa mai ganye a wajen Ojo. Ga mayankar Oko-Oba a nan Agege, inda mahauci ɗaya zai nuna wa 'yan aji shida huhu da hanta da tumbin saniya ya yi musu bayanin da zanen littafi ba zai taɓa yi ba. A Alausa akwai wuraren shaƙatawa na gwamnati masu ciyawa da itatuwa. A Lekki kuma akwai gandun da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya ta kafa a 1990, hekta 78 na kurmi da fadama, da birai da kunkuru da kada, da gadar igiya mai tsawon mita 401 da ke rataye a saman itatuwa. Motocin makarantun masu kuɗi ne ke cika wurin. In makarantu huɗu na zango ɗaya suka haɗa kuɗin mota, attajiri ɗaya ya ɗauki kuɗin shiga, babu abin da zai hana 'ya'yan Idi-Araba zuwa ko sau ɗaya a shekara.

Amma yawon buɗe ido na shekara-shekara ba shi ne ginshiƙin ba. Na kullum shi ne buhu. Buhun shinkafa da aka juye, a cika shi da ƙasa da takin tumaki, wanda a kasuwannin dabbobi neman mai kwashewa ake yi, a huda gindinsa, a jingine shi a bango inda rana ke taɓawa. Yara uku buhu ɗaya, su rubuta sunansu a jiki. A ba su irin alayyafo ko lalo ko kuɓewa ko yakuwa. Kafin mako ya zagayo alayyafo ya tsiro, cikin wata guda ya isa tsinka, don haka yaro ba zai gaji da jira ba. Kowace safiya su auna tsawonsa da tsinken tsintsiya, su ɗora tsinken a kan rula, su rubuta. Wannan lissafi ne. Malama ta sa buhu ɗaya a inuwa ɗaya a rana, ta ce su faɗi wanda zai fi girma kafin a gani, wannan kimiyya ce. Su rubuta jimla uku a kan abin da suka gani yau, da Hausa da Turanci, su tambayi abokansu Yarabawa sunansa a bakinsu, wannan harshe ne. Ranar da tsutsa ta cinye ganyen wani buhu za a yi kuka, daga nan a zauna binciken inda ta fito. Ranar girbi a ƙulla ɗauri-ɗauri a sayar wa iyaye a ƙofar makaranta, yaran su ƙirga cinikin su fitar da kuɗin iri. Yaron nan da ake kira daƙiƙi a aji, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, sau da yawa za ku tarar shi ne ke riga kowa zuwa don ya ba buhunsa ruwa, kuma daga nan ne malama mai basira za ta samu igiyar da za ta jawo shi zuwa ga harafi.

Kwatar ƙofar makaranta ma darasi ce. Me ya sa take cika ta shigo gidaje duk Yuni da Yuli? A tsaya daga nesa a ƙirga ledojin fiya wata da robobin da suka toshe ta, sai a gaya musu dalilin da ya sa jihar ta haramta farar robar zuba abinci a Janairun 2024. Me ya sa Legas ke da damina biyu, ruwa ya ɗan tsagaita a Agusta, Kano kuwa ɗaya ce tak? Kainuwar nan da ke rufe hanyar jiragen ruwa a Ikorodu, wadda ta shigo ta Badagry a 1984, me ke sa ta yaɗuwa haka? Babu ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar kwamfuta.

Kada mai makaranta ya ji tsoron cewa zai saɓa wa hukuma. Manufar ilimi ta ƙasa da kanta ta ce a rabin aji a koyar ta hanyar wasa, a cusa wa yaro son bincike ta hanyar lura da halittu da muhallinsa, ta kuma ƙayyade yara 25 ga malami ɗaya a wannan mataki, 35 a firamare. Mu ne muka kauce wa takardar, ba masu buhu ba.

Iyaye, mu ma da namu. Mu ne ke zuwa ofishin hedimasta da faɗa in yaro ya dawo da ƙasa a riga. Mu ne ke auna makaranta da nauyin jaka da yawan aikin gida da kyan rigar bikin yaye ɗalibai, har da 'yan rabin aji ana sa musu hular digiri ana karɓar kuɗin hoto. Mai makaranta ɗan kasuwa ne, abin da muke saye shi zai kasa. Tsoronmu na tsaro kuwa yana kan hanya: garin nan akwai mota, akwai ɓata-gari, akwai ruwa mai datti. Maganinsa tsari ne. A fita rukuni-rukuni, babba ɗaya ga yara kaɗan, a san sunan kowa, a sa takalmi, a wanke hannu da sabulu in an dawo. Ga iyaye mata da tsofaffi da za su yi rakiya da murna in an nemi su. 'Yan mata kuma kada a bar su a aji suna shara maza na waje. 'Yar da ta iya carafke da gaɗa ta iya awo da shuka.

Wani gargaɗi ga masu zumuɗi irina. Bin ra'ayin yaro ba yana nufin a sake shi sakaka ba. Karatu da rubutu ba sa tsirowa da kansu. Sai malami ya zauna ya koyar da sautin kowane harafi, ya maimaita, ya gyara. Jadawalin sau ma sai an haddace shi, haka Alƙur'ani. Makarantar da ta fake da wasa ta bar yaro ya kai shekara tara bai iya karatu ba ta cuce shi daidai da wadda ta kulle shi. Kuma wannan hanya ta fi wahalar da malami, domin riƙe alli a ce ku maimaita ya fi sauƙi a kan lura da yara talatin kowa da matakinsa. Malamar da ake biya abin da bai kai kuɗin motarta ba, ba a yi mata adalci ba in aka ɗora mata wannan ba horo ba ƙari. Shi ya sa maganar ta zo gabanku, ba gabanta ba.

Abin da nake roƙo, ranku ya daɗe, ku kira zama, kowane sarki a fadarsa, da masu makarantu da limamai da shugabannin kasuwa da wakilan mata. A zaɓi makaranta ɗaya ta boko da islamiyya ɗaya a kowane zango su gwada na zangon karatu guda: minti 40 a waje kullum, lambun buhu, awa ɗaya ta haɗa yara bisa matakinsu na karatu, a kuma ɗauke wa 'yan ƙasa da shekara shida aikin gida. A gwada karatun yaran kafin a fara, a sake gwadawa a ƙarshe, a karanta sakamakon a gaban iyaye ko ya yi daɗi ko bai yi ba. In ya yi kyau, ku ɗauke shi ku kai wa ofishin kula da ingancin ilimi na jiha da ke Alausa, ku nemi a riƙa karɓar filin haɗaka ga ƙananan makarantun da ba su da nasu. Ranar Alhamis da islamiyyu ke hutu a ware yammacinta ga dattawan da suka san itatuwa da dabbobi da tatsuniya da kacici-kacici, su zauna da yara, a ɗan ba su na goro. Duk wani fili da ya rage a hannun al'umma kuma, don Allah ku tsaya a kansa kada a yanka shi shaguna, domin wanda aka gine ya tafi ke nan.

Ranar 14 ga Yuli ce ranar dashen itatuwa a jihar Legas, kuma hukumar kula da lambuna ta jiha ce ke jagorantarta. In an yi zaman da wuri, makarantun gwajin za su iya neman dashe daga wurinta, kowane aji ya samu itacensa. Buhunhuna da taki da irin shuka na makaranta ɗaya a Agege kuwa na ɗauki nauyinsu, kuma na san masu sayar da hatsi biyu da suka ce za su ba da na wata. A sanar da mu ranar zaman ta bakin limaman Juma'a.

Allah ya ja zamaninku, ya ƙara wa malamanmu lafiya, ya raya mana zuri'a.

Wassalam.

Naku,
Wani uba kuma tsohon malamin firamare,
Agege, Legas.